Risala a Kan Harbin da Bindiga Ke Yi wa Mai Ita

Ka sani, ya kai mai neman fahimta, abubuwan da ke harbi a harshenmu uku ne: jaki, kunama da bindiga. Jaki da ƙafar baya yake nasa, kunama da wutsiya, duka biyun ta baya ke nan. Bindiga kaɗai aka ce ta gaba take harbi, kuma wannan ƙauli ne mai rauni, domin waɗanda suka ruwaito shi duk a gefe suke tsaye. Wanda ya taɓa ɗora ta a kafaɗa ya san baki biyu gare ta, ɗaya na dabba, ɗaya nasa. Ba a banza magabata suka raɗa wa ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa suna kunama ba.

Kafin mu yi nisa, a fitar da abin da bai shiga ba. Wannan risala ba ta shafi adaka ba, ko harba-ka-ruga ta maharban ƙauye, ko irin waɗanda 'yan bindigar sarki ke ɗura wa albarushi ran hawan Sallah don dawakai su yi tsalle, mata su rangaɗa guɗa. Waɗannan suna da nasu babin, kuma sunan harba-ka-ruga kaɗai ya riga ya yi wa kansa sharhi. Abin da muke magana a kai shi ne bindigogin farauta na Amurka da Ingila da Jamus, masu ɗan siririn harsashi da ke cin mita 800 zuwa 1,000 ko fiye a daƙiƙa guda, waɗanda ake hawa duwatsun Wyoming da su neman barewar can, ko a kulle su a akwati a hau jirgi zuwa Tanzaniya da Zimbabuwe neman ɓauna. Masu su mutane ne masu hali. Sukan zuba kuɗin fili a kan bindiga guda, sannan su kai ta daji ta mare su.

Asalin al'amarin yana cikin littafin da shehin malamin nan na Ingila, Ishaƙu Newton, ya wallafa a 1687, da harshen Latin, don kada waɗanda abin ya shafa su gane. Ƙa'idarsa ta uku, in an juya ta zuwa Hausar kasuwa, ita ce: duk abin da ka tura, ya tura ka daidai gwargwado, nan take, ba bashi. Wanda ya taɓa tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa ya san wannan ƙa'ida, ko da a cikin ruwa ya ƙarasa haddace ta.

To, idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanso yakan kama, ya koma iska mai zafi a ɗakin da ba shi da fili. Matsin da ke tasowa yakan kai kusan ninki 2,000 na iskar da mai faci ke ɗura wa tayar mota. Ita kuwa iska ba ta san ubangida ba, ba ta san abokin gaba ba, ko'ina turawa take. A gabanta akwai harsashi, a bayanta akwai bindiga, a bayan bindiga akwai kai.

Mu ɗauki misali da harsashin da Amurkawa ke kira .30-06, wanda sojojinsu suka karɓa a 1906 kafin mafarauta su gaje shi. Nauyinsa giram 11.7 ne, bai kai babban goro ba, kuma yana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa. Bindigar kuwa kilo 3.6 ce. In aka buga lissafi, aka haɗa da rabon hayaƙin da ke bin bayan harsashi, sai a tarar bindigar na dawowa da gudun mita 4 a daƙiƙa, wato kilomita 15 a awa, gudun mai keken da ke tsoron kada kasuwa ta tashi. Malaman fannin suna auna ƙarfin duka da wani ma'auni mai suna jul, wanda aka sa wa sunan James Joule, ɗan mai kamfanin giya daga kusa da Manchester, kuma wannan ba laifinmu ba ne. Harsashi yakan tafi da jul kusan 4,000. Kafaɗa takan samu kimanin 30. Kamar ka kwanta rigingine wani ya sako maka bindigar daga tsayin ƙugu, gindinta na kallon ƙasa.

A nan ɗalibi mai kaifin basira zai ɗaga hannu: in turin ɗaya ne gaba da baya, me ya sa ɓauna ke mutuwa, maharbi kuwa ya koma masauki ya ci abinci? Amsa ita ce turi ɗaya ne, rabon ɓarna ne ya bambanta. Mara nauyi shi ke kwasar gudu, ɓarna kuwa bin gudu take yi da zari: in gudu ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Bindiga ta fi harsashi nauyi sau 300, saboda haka ta bar masa kusan duk dukiyar, abin da ta riƙe ko zakkar abin bai kai ba. Ƙari a kan haka, shi yana sauke kayansa a wurin da bai wuce faɗin ƙwayar gyaɗa ba, ita kuwa tana shimfiɗa nata a faɗin tafin hannu.

Daga nan ne kuma ake gane ƙaryar finafinan Indiya, inda jarumi ke harbin bos, bos ya tashi sama ya fasa taga ya faɗa kan teburin mai kayan miya, shi kuwa jarumi ko gashin kansa bai motsa ba. A mazhabar Newton wannan bai halatta ba. Turin da zai jefa bos ta tagar gabas dole ya jefa jarumi ta tagar yamma.

Fasali a kan gudu da abin da yake haifarwa

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma harsashi jifa ne: tun da ya bar bakin bindiga yake gangarowa. Wanda ya fi gudu shi ke yin nisa kafin ya sunkuya. Tun 1935, da kamfanin Winchester ya fitar da .220 Swift, harsashin kasuwa na farko da ya haura ƙafa 4,000 a daƙiƙa, wato mita 1,200 da ɗoriya, wani zazzaɓi ya kama maharban Amurka. Limamin wannan tafiya shi ne Roy Weatherby, mutumin Kansas da ya koma Kalifoniya yana sayar da inshora, sannan ya buɗe shagon bindigogi a 1945. Aƙidarsa ita ce gudu ke kisa: ƙaramin harsashi in ya isa da isasshen sauri, girgizar da zai yi wa jikin dabba ta wadatar. Ya faɗaɗa kwanso, ya ƙara albarushi, ya goge itacen bindiga har mutum na ganin fuskarsa a jiki, taurarin fim na Hollywood suka yi layi.

Abin da ba a rubuta a jikin kwali ba shi ne albarushi ma yana da nauyi, kuma ba ya ɓacewa don ya ƙone. Giram nawa ka zuba, giram nawa zai fita ta baki a matsayin hayaƙi, da gudun da ya fi na harsashin kansa nesa ba kusa ba. Ko a .30-06, kashi ɗaya cikin uku na turin da kafaɗa ke sha na hayaƙi ne. A taƙaice, bindiga roka ce da ta juya wa dabba baya, ta nufi mai ita. Idan ka koma .300 Weatherby da harsashi mai nauyi ɗaya, albarushi ya tashi daga kimanin giram 3.6 zuwa sama da 5. Gudun da aka ƙara maka bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Dukan da aka ƙara maka, in nauyin bindiga bai canza ba, ya wuce rabi. Babu ɗan kasuwar Kurmi da zai sa hannu a wannan ciniki, amma kullum ana yinsa, har da godiya.

Sai kuma aka zo da bidi'a ta biyu. Mai hawa dutse ya yi kukan bindiga ta yi nauyi, aka fafe itace, aka sirantar da bututu, aka koma roba da wasu ƙarafa marasa nauyi. Ƙa'ida kuwa ba ta da kunya: rage rabin nauyi, duka ya ninka. Saboda haka mai bindiga mara nauyi yakan hau dutse yana waƙa ya sauko yana tsaki, mai nauyi kuma ya hau yana tsaki ya sauko lafiya. Malamai ba su yi ittifaƙi a kan wanda ya fi asara ba.

A can ƙarshen layi akwai manyan baƙi. Akwai .375 ta kamfanin Holland & Holland na Landan, haihuwar 1912, wadda a Tanzaniya ita ce mafi ƙanƙantar da doka ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da ita; tana biyan kafaɗa jul kimanin 50. Akwai .460 Weatherby ta 1958, mai biyan wajen 135, wato buhun siminti da aka sako daga tsayin taƙi guda da ɗan ƙari. Kakarsu duka ita ce bindigar Samuel Baker, Baturen da ya yi yawo a gabashin Sudan da bakin Nilu a shekarun 1860, wadda harsashinta kusan giram 230 ne. Shi ya sa mata suna Jaririya, Larabawan da ke tare da shi suka kira ta 'yar igwa, kuma su suka fi shi gaskiya. Da kansa ya ba da labarin cewa in ya harba ta juya shi take yi kamar katantanwa, ta bar shi da ciwon kai na yini da kwana, har ya riƙa jin tsoron ɗaukarta.

Shi kuwa Walter Bell, ɗan Sukotlan da ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Uganda inda ya yi suna, giwa 1,011 ya kashe, Allah ya isar wa giwaye, mafi yawansu da 'yar ƙaramar 7x57 wadda saurayi zai harba bai yi ƙara ba. Shi zarto ya sa ya tsaga ƙoƙon kan giwa, ya ga inda ƙwaƙwalwa take zaune, daga nan bai ƙara buƙatar igwa ba. Wannan muhawara ta ƙaramin harsashi da babba ta ci shekaru a mujallun Amurka tsakanin Jack O'Connor, tsohon malamin jami'a mai ƙaunar 'yar ƙaramar .270, da Elmer Keith, makiyayi mai ƙatuwar hula, wanda aka ce yana ganin .270 ta dace da farautar dila. Na farko ya mutu a 1978, na biyu a 1984, almajiransu na nan suna ci gaba da jifan juna.

Fasali a kan bambancin abin da takarda ta ce da abin da kafaɗa ta ji

Duk abin da ya gabata lissafi ne, jiki kuwa magayi. Bindigogi biyu na iya zuwa da jul ɗaya, ɗaya ta ture ka a hankali kamar sa mai neman hanya, ɗaya ta kwaɗa maka kamar jaki. Tsofaffin bindigogi masu nauyi da ƙaton harsashi mai jinkiri shanu ne. Masu gudu marasa nauyi jakai ne, domin suna sauke dukan kayansu cikin ƙanƙanen lokaci. Jiki yana yafe wa sa, amma ba ya manta jaki.

Siffar gindin bindiga ma tana da baki a maganar. In ya sunkuya ƙasa da layin bututu sosai, turi ba ya tafiya a miƙe, sai baki ya yi sama, itace ya taso ya gaisa da kunci. In babu roba mai taushi a ƙarshensa, ƙashi ne ke tarbar baƙo. Wanda ke tsaye yakan yi baya da duka kamar karan dawa a iska. Wanda ya sunkuya a tebur, ko ya kwanta ruf da ciki, ba shi da wurin zuwa, sai ya shanye. Da wannan dalili ne ƙato ya fi siriri shan wuya, domin siriri tafiya yake tare da bindiga, ƙato kuwa bango ne. Wanda ya fi kowa wauta shi ne mai tsoron da ke ɗan janye bindiga daga kafaɗa don ya rage zafi. Ya ba ta fili ta ɗauko gudu ke nan, kamar wanda ya matsa taku ɗaya daga bayan jaki, ya tsaya daidai inda kofato ya fi daɗin sauka.

Ga kuma madubin hange da ake ɗaurawa a bisa bindiga. Bakinsa zobe ne na ƙarfe, kuma in ido ya matso fiye da kima, musamman in ana harbi zuwa sama a kan tudu, zoben yakan dawo ya yi wa gira tsaga mai siffar jinjirin wata. Amurkawa na kiran wannan tabo girar Weatherby, ko da wace bindiga ce ta yi shi. Mu da muke da wanzamai mun san zube, mun san bille da kalangu. Wannan ita ce tsagar da ake gane ƙabilar masu kuɗi da ita, kuma ba ranar suna ake yin ta ba.

Marubutan fannin sun daɗe suna cewa daga jul 27 zuwa sama yawancin mutane kan fara shakkar bindigarsu. Sai dai wannan hukunci ba a taɓa samun wanda ya hau kansa ba. Ban taɓa haɗuwa da maharbin da bindigarsa ke duka ba. Ta maƙwabcinsa ce ke duka. Hujja ɗaya tilo da muke da ita tana shagunan sayar da tsofaffin bindigogi, inda akan tarar da wata mai gudu, sabuwa ful, tare da kwalin harsashi mai cin 20, saura 17 a ciki. Na farko don gwaji, na biyu don a tabbatar ba mafarki ba ne, na uku don abokai na kallo.

Yanzu ka gyara zama, domin mun iso cibiyar risala. Zaman harsashi a cikin bututu bai wuce kashi ɗaya da ɗan abu cikin 1,000 na daƙiƙa ba. A wannan lokacin bindiga ta ja baya milimita 2 kacal, kuma wannan ɗan motsin kullum iri ɗaya ne, da shi aka yi saiti. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya mayar da martani ga abin da ya same shi. Kafin kafaɗa ta kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa, harsashi ya wuce tsawon filin ƙwallo. Dukan da ya zo, ke nan, ba shi da hannu a kuskure. Mai laifi shi ne dukan da ake jira.

Na ga wannan da idona, ko in ce da rashin idona. Wata shekara a yammacin Amurka wani dattijo, maƙwabcin mai masaukina, ya kai ni filin gwajin bindiga, ya zaunar da ni a tebur na kankare, ya miƙo mini wata mai gudu mara nauyi. Harbin farko na samu takarda, kusa da tsakiya ma, domin rashin sani garkuwa ne. Haƙorana suka gaisa da juna, hulata ta koma ƙeya, ƙura ta tashi daga kan tebur, hancina ya cika da warin ashana. Ya tambaye ni yaya, na ce ai ba komai. Na biyu ya sauka can ƙasan takarda. Na uku har yau ba a san garin da ya tafi ba. Sai dattijon ya ce in juya baya, shi zai ɗura mini. Ya miƙo. Na saita, na riƙe numfashi, na ja kunama. Ƙyas! Ashe ba komai a ciki. Ni kuwa na riga na runtse ido biyu, na cusa kafaɗa gaba, na dunƙufar da bakin bindiga har ya kusa sumbatar tebur, na saki wani ɗan nishi da ban san ina da irinsa ba. Bindiga ba ta ce uffan ba. Dattijon bai yi dariya ba, abin da ya fi dariya ciwo, ya ce kawai haka kowa ke yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Da dare tabo ya fito a kafaɗa, shuɗi kamar an tsoma ni a karofin Ƙofar Mata, bayan kwana biyar ya koma kore, daga nan rawaya. Na ce wa mai masaukina igiyar jaka ce ta goge ni.

Abin mamaki shi ne in dabba ce a gaba, ba takarda ba, babu mai jin komai. Zuciya na dakan lugude, jini ya hau, mutum yakan rantse bindiga ko motsi ba ta yi ba, ga jini na gangarowa daga girarsa. Amma zaburar da aka koya a tebur ba ta zama a tebur, bin mutum take yi har daji.

Fasali a kan ƙara

Wa ke koya wa jiki wannan tsoro? Kafaɗa ake zargi, kuma an zalunce ta. Babban malamin tsoro kunne ne. Ka cusa wa mai zabura soso a kunne, ka ɗora masa marfi a kai, sai ya ce maka yau bindigar ta yi laushi, alhali ko jul ɗaya bai ragu ba.

Lokacin da harsashi ya fice, iskar da ke bayansa tana nan da matsi ninki ɗaruruwa na tayar mota, sai ta tarar da ƙofa a buɗe. Fitar da take yi gaba ɗaya ita ce tsawar da ake ji, har a ƙirji da ƙwayar ido. Yawan albarushi na ƙara ta, gajeren bututu ma haka, domin iska ba ta gama hucewa ba, kuma bakin ya fi kusa da kunne. Wani lokaci hayaƙin, da yake bai gama ƙonewa ba, yakan sake kamawa da ya haɗu da iskar waje, a ga dunƙulen wuta da magariba. Akwai kuma ƙara ta biyu. Sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa, harsashi ya ninka shi biyu da rabi ko uku, don haka yana tsaga iska kamar bulala duk tsawon tafiyarsa, kuma yakan riga ƙararsa isa. Baƙo ne mai shiga gida kafin sallamarsa ta iso.

Ana auna ƙara da desibel, daga sunan Alexander Graham Bell mai wayar tarho, wanda mahaifiyarsa ba ta ji sosai, matarsa kuma kurma ce. Ma'auni ne mai yaudara, domin duk ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfi. Hira tsakanin mutum biyu 60 ce. Masana kunne sun sa iyaka a 140, ko da sau ɗaya ne. 'Yar ƙaramar .22 da yaran Amurka ke harbin gwangwani da ita tana bakin wannan iyaka. Bindigoginmu kuwa daga 160 suke farawa, wato ninki ɗari.

A can ƙuryar kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan gashi kimanin 15,000, kowane da irin sautin da yake ɗauka. Tsawar bindiga takan kwantar da su kamar iska a gonar gero. Wasu sukan miƙe washegari, wasu ba sa miƙewa, kuma ba a sake shuka. Kaza tana sake tsiro da nata, ɗan Adam ba a ba shi wannan baiwa ba. Waɗanda ke fara faɗuwa su ne masu ɗaukar siririn sauti, irin na s da sh da ts da f, wato inda muryar mata da yara ta fi zama. Shi ya sa tsohon maharbi ke jin tahowar babbar mota, yana jin abokansa, amma maganar cefane ba ta shiga. Wasu masu sharhi sun ce wannan na cikin dalilan sayen bindigar tun farko, amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A madadin abin da aka ɗauke, akan ba mutum gyare guda a cikin kai, mai kuka dare da rana, kyauta, har ƙarshen rai.

Mai harbi da dama kunnen hagu yake rasawa, domin in ya kwantar da kunci a kan itace kunnen dama ya ɓuya a kafaɗa, na hagu ke fuskantar baki. Sai daga baya na gane dalilin da dattijon nan ya nace in zauna a damansa a cikin mota, shi ke tuƙi, ya ce a nan hira ta fi daɗi.

Masu hikima sun ƙirƙiro magani iri biyu. Na farko birki ne, ɗan ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ya tare hayaƙi ya juya shi gefe da baya, ya rage duka da kashi ɗaya cikin uku, wani ma har rabi. Hukuncinsa shi ne hukuncin wanda ya biya bashi da kuɗin wani: an ɗauke daga kafaɗar mai harbi an ɗora wa kunnen na kusa da shi. Jagororin farauta da yawa a Afirka ba sa ko son ganinsa.

Na biyu yana da tarihi. Hiram Maxim, haifaffen jihar Maine ta Amurka a 1840, an ce dukan bindiga a kafaɗa ne ya sa shi tunanin cewa wannan ƙarfi bai kamata ya tafi a banza ba. A 1884, a Landan, ya ƙera bindigar da ke amfani da harbinta na baya ta tofar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi, ta sake harbawa da kanta, wajen sau 600 a minti. A wannan gaɓa risala ta daina zama ta baƙi. Irin wannan bindiga ce sojojin Lugga suka girke a gaban ganuwar Kano a Fabrairun 1903, da filin Giginya na Sakkwato a watan Maris, da Burmi a watan Yuli. Harbin bayan nan da muke yi wa ba'a tun layin farko, da shi aka ci ƙasarmu. Shi Maxim gwajin bindigoginsa ya kurmantar da shi, kuma ɗansa, Hiram Percy Maxim, shi ya yi rajistar salansar bindiga a 1909. Gwangwani ce mai ɗakuna-ɗakuna, 'yar uwar salansar mota, inda hayaƙi ke shiga ya huce kafin ya fita. Tana rage desibel 20 zuwa 30, ta kuma rage duka. Ba ta mayar da tsawa raɗa, kamar yadda finafinai ke nunawa. Tana dai sauko da ita bakin iyaka. A Finlan da Norwe da Ingila maharba na ɗaukar ta a matsayin ladabi ga maƙwabta da karnuka. A Amurka, inda aka haife ta, tun 1934 sai da rajistar gwamnatin tarayya ake mallakarta.

Saura mas'ala guda, ta shaida. A dazuzzukan farauta na arewacin Kamaru, wajen kogin Faro da Binuwai, inda Turawa ke zuwa da rani neman ɓauna da gwanki, mutum uku ne ke tsaye a lokacin harbi. Akwai baƙo mai bindiga, wanda muka riga muka tabbatar da hujja cewa idonsa a rufe yake. Akwai jagora mai lasisi, wanda ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a gefen bakin bindigar mutane, don haka yana gani amma ba ya ji. Sai mai bin sawu, ɗan ƙasa, wanda bai karanta Newton ba, bai san jul ba. Shi ke kafa sandunan da ake ɗora bindiga, ya ja taku biyu zuwa bayan kafaɗar baƙo inda tsawa ta fi sauƙi, ya cusa yatsu biyu a kunne, ya zuba wa dabba ido. Shi kaɗai ne shaidarsa ta cika sharuɗɗa.

Idan ƙura ta lafa, baƙo na murza kafaɗa a ɓoye, yakan juyo ya tambaya ko ya samu. Mai bin sawu yakan zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi inda gwanki yake tsaye ɗazu, ya dubi ramin da harsashi ya tona a ƙasa taku goma kafin wurin, ya tuna da kyautar da ake bayarwa ranar sallama. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ya tsorata ƙwarai."